Baƙon Hajja Jummare Mai Zazzaɓi

Duk unguwarsu a Gadarif an san Hajja Jummare da karrama baƙo, har ta kai ana gudun gidanta idan ana sauri. Ka shiga aron ashana, sai ka sha jabana, gahawarsu, kofi uku, an turara ka da bahur, an tambaye ka lafiyar kakarka da ta rasu tun bara waccan. Ita ke haɗa turaren amaren unguwar tun tana budurwa, da shi ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta, da shi ta yi rainon ɗanta tilo, Husain, wanda ya tafi Jidda tuƙin mota ya daɗe bai waiwayo ba.

Da idonta ya fara rauni ta daina gane fuskarsa a waya, sai ya aiko mata da laftof. To, abin da fuskar ɗanka ke fitowa a cikinsa ai ba a ajiye shi a kan tebur kamar kwanon miya. Hajja ta ɗora shi a kan matashin auduga mai laushi, ta ɗinka masa riga mai ado ta rufe gefe da gefe, kuma kowace Juma'a kafin Husain ya kira sai ta turara shi har ɗaki ya yi duhu.

Abin haushi, baƙon nan ba shi da kunya. Da an fara magana sai ya ɗau zafi, ya kama huci, hoto ya riƙa tsayawa, murya ta kakkatse, daga nan ya mutu ɗif. Ita kuwa Hajja ba ta iya gajeriyar gaisuwa ba. Kafin ta gama tambayar lafiya, da gajiya, da zafin Jidda, da mai gidan haya, allo ya yi baƙi. Tambaya ɗaya ke ranta, yaushe zai dawo, amma ba ta taɓa kaiwa gare ta ba, kuma abin yana ci mata rai ƙwarai.

Ranar da haƙurinta ya ƙare ta naɗe shi a mayafi ta kai wa Elsadig, mai gyara a bakin kasuwa. Yana kwance murfin ƙasa, ƙamshi ya cika shagon.

"Ya Hajja, wannan laftof ne ko amarya?"

"Ɗana, zazzaɓi yake yi. Duk gatan da nake masa."

"Gatan ne ya kwantar da shi, wallahi." Ya nuna mata 'yar fankar ciki, ta daskare da maiƙon bahur da zaren auduga. "Ta nan ƙasa yake shan iska, kin toshe masa da matashi. In ya ji zafi sai ya rage gudu don kada ya ƙone, in abin ya fi ƙarfinsa ya kashe kansa."

Ya goge fankar, ya sake man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar, ya ce daga yau kan katako tsirara, ba riga, ba turare, khalas, magana ta ƙare. Hajja ta ce wannan wulaƙanci ne, ko jaki ana yi masa shimfiɗa. Amma ta bi, tana gunaguni har gida.

Juma'a ta zo, Husain ya kira. Ta yi gaisuwarta cikakkiya, ta ƙara da ta maƙwabtansa, na'ura shiru, ko huci babu. Gaisuwa ta ƙare, abin da bai taɓa faruwa ba, suka tsaya suna kallon juna. Hoton bai tsaya ba, bai dushe ba. Ta matso da fuskarta dab da allo, a nan ta ga furfura ta cinye rabin gemunsa. 

"Yumma, lafiya? Kin yi shiru. Ko ya sake mutuwa ne?"

Tambayar da ta daɗe tana tanadi ta ga ba ta da amfani kuma.

"Bai mutu ba," in ji ta. "Husain, ka tsufa a garin mutane ban sani ba. Ka dawo gida."