Rumfar da Maciya Suka Yi Shiru

Jiya a kasuwar Makarfi ƙamshin daddawa ya bugi hancina, sai marigayi kawuna ya faɗo mini a rai. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Wata ranar kasuwar ta Makarfi, shekarun baya, bayan mun sayar da rakenmu, ya yi ta jana daga rumfar abinci zuwa wata, yana leƙawa yana wucewa, ga yunwa tana cina.

Na ce, "Kawu, ai duk tuwo tuwo ne."

Ya ce, "Kul! Inda maciya suke hira, miyar ba ta ratsa su ba. Nemi inda suka yi shiru."

Can bayan 'yan rake muka tarar da wata dattijuwa tana kwasar tuwon dawa, miyar kuka da man shanu tana tururi. Kawu, sarkin surutu, bai ce uffan ba sai da ya suɗe kwano.

Jiyan nan na nemi dattijuwar, aka ce ta daɗe da tashi. Na leƙa kasuwar Ikara ina neman irin rumfarta, yau ga ni a ta Kudan, ban dace ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya ciyar da shi abincin Aljanna.