Katin Zinaren Da Na Karɓa Da Sunan Yayata

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zan manta ranar da na zaɓi wancan katin banki ba.

Ni direba ne. A Madina aka haife ni, kakanmu ne ya zo hajji bai koma ba. Makaranta ban yi nisa ba, na gudu na kama sitiyari. Ina da bas a lokacin, ina kai alhazai ziyara, Ƙiblatain, Bi'ir Ali, duk inda suka ce. Da taƙsiɗ na saye ta, biya wata-wata. Ana gab da aikin hajji injin ya buga, na kasa biya, aka ƙwace ta, sunana ya ɓaci a bankuna. Duk inda na shiga sai su duba kwamfuta su ce, "Ma'alesh," wato sai haƙuri.

Wani ma'aikacin banki ne ya tausaya mini. Ya ce, "Ya akhi, ajiye ɗan abin da kake da shi a wurinmu, mu ba ka ƙaramin kati daidai da shi. Ka riƙa shan mai da cefane, kana biya kan lokaci. A hankali sunanka zai wanku."

Na ce, "Wato kuɗina zan ba ku, ku ranta mini? Na yi maka kama da mahaukaci?"

Ya ce to akwai wata hanya: mai albashi ya buɗe babban kati, a ciro mini na biyu a ƙarƙashin sunansa. Ya nuna mini samfurin, ruwan zinare, yana ƙyalli. Wallahi daga nan ban ƙara jin abin da yake faɗa ba.

Yayata malama ce a makarantar 'yan mata. Mijinta ya rasu, tana haya a saman bene a Al-Azizya, ba ta da buri sai na neman rancen gida, ta samu inda marayunta za su ce nasu ne. Na je mata da maganar. Ta ce, "Kai, ka ɗauki ƙaramin nan mana. Wa kake son burgewa?"

Na ce, "Yaya, ke ma kin raina ni kenan?"

Wannan maganar ce ta sa ta sa hannu. Na san za ta sa, shi ya sa na faɗe ta.

A shekarar dangin kakanmu suka zo hajji daga Kano. A gidanmu akwai al'ada: baƙon da ya zo daga ƙasa ba ya sa hannu a aljihu muddin yana Madina. Mahaifinmu ya riƙe ta, amma shi da shinkafa da shayi ya riƙe ta. Ni kuwa na kwashe su sai kasuwar dabino. Da na miƙa katin aka goga, wani dattijo a cikinsu ya riƙe baki.

"Ɗan Madina, wannan abin ba ya ƙarewa ne?"

Na ce, "Ba ya ƙarewa, Baffa. Ku ɗiba."

Suka ɗiba kuwa. Daga dabino aka koma akwatuna, daga akwatuna sai shagon gwal, kowa ya tuna yana da mata a gida. Suna cewa, "Wannan kam za mu aiko da zarar mun sauka," ni ina cewa, "Haba, halas, ku bar maganar." Suka bar ta. Abin da ya iso mini daga baya kilishi ne da gaisuwa.

Na ɓoye wa Yaya. Ina biyan ɗan kaɗan, abin yana hawa, har na kasa. Wata rana da la'asar ta same ni a tashar da nake jan motar wani. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baƙinka sun isa lafiya?"

"Lafiya, Yaya."

"Alhamdulillahi. Na je neman rancen gida yau. Ni ma an ce mini ma'alesh."

Sai a lokacin na gane abin da mutumin bankin yake faɗa ina kallon ƙyalli: katin ba da sunana yake ba. Ko na biya, nawa ba zai wanku ba. Da na kasa, nata ne ya ɓaci.

Har yau tana wannan benen, tana hawa da gwiwoyi masu ciwo, tana hutawa a tsakiya. Kuma har yau duk Juma'a sai ta aiko mini da abinci. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya ke nan: in sunanka ya ɓaci, ka wanke shi da ɗan abin da ke hannunka, komai ƙanƙantarsa, komai kunyar. Kada ka ari sunan wanda ba ya iya ce maka a'a.