Igiya ta Shida a Kabarin Francie

Yayana Shug Kinnaird bai taɓa zama ya shanye kofin shayi ba. Zai kurɓa, ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo ya ce shayin ya huce, kamar ni na hura masa sanyi. Tun muna yara a nan Glasgow haka yake. Mahaifiyarmu takan ce da ƙaiƙayi a tafin ƙafa aka haife shi. Da ya girma sai ya faɗa sana'ar da ta dace da shi, gyaran rufi, a garin da ruwan sama ba ya ɗaukar hutu.

Bayan rufi, da murya aka san shi. Ranar Asabar bas ɗin magoya bayan ƙungiyar ƙwallonmu, masu shuɗiyar riga, takan tashi daga bakin mashayar unguwarmu, kuma Shug ne mai ɗaga waƙa. Kowace bas da nata. Ba zaɓe ake yi ba, wanda ya buɗe baki mutane suka amsa shi ne. In an isa fili ma sai ya jira wasa ya yi sanyi, ya miƙe ya ware hannu, kafin ka ce kwabo dubban mutane sun ɗauka. Waƙoƙin da yawa ba su da laifi. Amma akwai wata tsohuwa da muka gada daga kakanmu, wadda ke zagin Katolika da limamansu da kakanninsu da suka tsallako daga Ireland. Ba zan kawo baitinta ba. Kuma kada wani ya yi mini wa'azi, su ma abokan hamayyarmu masu koriyar riga suna da irin tasu, na ji da kunnena.

Shekara da shekaru ana ta da jijiyar wuya a kan waƙoƙin nan, a rediyo, a jarida, a shagon aski. Kulob ya ja kunne, 'yan sanda suka fara ɗaukar hoton masu rerawa, bas ɗin ma ta rabu biyu. Shug ko a jikinsa.

"Waƙa ce fa kawai, Netta," yakan ce mini yana zagaya kicin ɗina. "Ana hura usur na bar ta a fili. Wa na taɓa duka? Wa na hana aiki?"

"To in waƙa ce kawai, je ka rera wa Francie."

"Francie ya san ba da shi nake ba."

Francie Devlin shi ne abokin aikinsa, ɗan Katolika, mai koriyar riga tun daga tsumman goyo. Gajere ne, marar hayaniya. Kusan shekara talatin mota ɗaya, tsani ɗaya: Shug a sama, Francie a ƙasa yana riƙe da tsani yana miƙa fale-falen rufi. Makon da ƙungiyoyinsu za su kara ba sa maganar ƙwallo, sai Litinin wanda aka ci ya sayi abincin rana, ya sha tsiya har yamma. Shug yana kiransa Ɗan Fada, wato yaron limamin coci, shi kuma yana kiran Shug Lasifika.

Ga wani abu da kowa ya sani ban da Shug. In yana ɗaga kaya mai nauyi, ko hankalinsa ya tashi, yakan yi gunjin waƙar nan ta hanci. Babu kalma, karin kawai. Amma a garin nan ba a bukatar kalma, yaro ɗan firamare ma in ya ji karin ya san na wane ɓangare ne. Har a kan rufin cocin su Francie ya yi ta. Na gaya masa ya fi a ƙirga, ya ce sharri nake masa. Sabo turken wawa.

Sai ciwon huhu ya kwantar da Francie. A nan kam ba zan ci haƙƙin yayana ba: kullum yana asibiti, yana kai jarida, yana gyara matashi, yana damun ma'aikatan jinya da tambaya. Zama ne dai ba ya iyawa. Ranar da manyan ƙungiyoyin biyu suka haɗu, Bernadette matar Francie ta kunna masa talabijin a ɗakin jinya, 'ya'yansu na gefen gado. Ana tsakiyar wasa waƙar ta tashi, har mai sharhi ya ba masu kallo haƙuri. Kamara ta juya kan 'yan kallo, sai ga Shug ya cika allo, hannu a ware, baki a wage. Bernadette ta kashe talabijin. Francie bai kai wata Asabar ɗin ba.

A wajenmu, in za a saka mamaci a kabari, igiya takwas ake ɗaura wa akwatin. Iyali su ke zaɓar wanda zai riƙe kowace, mai shirya jana'iza ya kira lamba, mutum ya fito ya kama tasa. Ma'aikatan maƙabarta ne ke ɗauke da yawancin nauyin, amma wanda aka ba igiya an shaida wa duniya cewa na mamacin ne. Wanda ya isa a ba shi aka hana shi, shi ma an shaida.

Shug ya jira waya, waya ba ta zo ba. Ya hau rufin gidana cikin ruwa ya gyara abin da bai lalace ba. Ya sauko ya wanke motar aikinsu, ya zauna a kujerar Francie, ya fito, ya sake shiga. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai a kwanakin nan, kuma duk haushinsa da nake ji, ya ba ni tausayi.

"'Ya'ya maza uku, ƙanne biyu," yana lissafi da yatsu. "Saura uku. Ai ko bare ne ni..."

"Lissafin bai kai ka ko'ina ba. Sa rigar kirki ka je ka sami Bernadette."

Tare muka je, don na san in shi kaɗai ne zai yi ta zagaya layin har ya dawo. Bernadette ta buɗe ƙofa, ta dube shi sama da ƙasa. Ba ta ce mu zauna ba.

"Bernie, na zo ne..." Sai ya kasa. Hularsa ta sha murza.

"Na san abin da ya kawo ka. Ta shida taka ce. Ba ni na ba ka ba, Francie ne ya ce. Da ta ni ce, ko ƙofar maƙabarta ba za ka taka ba."

A hanyar dawowa har da tsallensa a kan kududdufi, namiji mai shekara sittin. Na ce masa, "Shug, don girman Allah gobe ka kame bakinka da hancinka." Ya ce wai me na ɗauke shi.

A coci ya yi ƙoƙari. Da yake mu ba Katolika ba ne, bai san lokacin tashi da na durƙuso ba, sai ya riƙa satar kallon na gaba yana bi a makare. A maƙabarta iska na kaɗawa, Fada ya gama addu'a, aka fara kiran lamba. Da aka ce shida, ya fita da sauri har ya kusa zamewa. Ya kama igiyar da hannu biyu kamar yadda yake kama igiyar aiki. Wuri ya yi tsit, akwatin ya fara sauka.

Sai na ji. Ƙasa-ƙasa, ta hanci.

Babban ɗan Francie, da ke riƙe da igiyar wajen kai, ya ɗago ido. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Yesu, Maryamu!" Shug bai san ana yi ba. Hawaye na zuba a fuskarsa, idonsa na kan akwatin, yana sakin igiya a hankali yadda ya dace, yana gunjin waƙar da ke zagin duk wanda ke tsaye a wurin da wanda ke kwance. Ba mai iya sakin igiya ya toshe masa baki, ni kuma ina nesa. Sai da akwatin ya taɓa ƙasa ya ɗaga kai ya ga idanu. Na ga lokacin da ya ji kansa. Igiyar ta zame daga hannunsa ta faɗa kan akwatin tare da sauran.

Na so mu wuce gida, ya ƙi. A zauren da aka yi zaman makoki ana rabon shayi da mitfai, ba wanda ya kula shi, ba kuma wanda ya kore shi. Ya yi ta kai da komo a bakin ƙofa har Bernadette ta taso da kanta.

"Bernie, na rantse ban san..."

"Na san ba ka sani ba. Ya gaya mana. Ya ce, ku ba Lasifika igiya, amma ku shirya, zai yi waƙar, kada wanda ya taɓa shi. Shi ya sa yaran nan ba su jefa ka ramin ba."

Shug ya yi wata 'yar dariya mai kama da kuka. "Ka ji Ɗan Fada. Ai na gaya wa Netta, shi bai taɓa damuwa da ita ba."

"Wa ya ce maka?" in ji ta. Ba ta ɗaga murya ba. "Akwai ranakun da yakan dawo daga aiki ya zauna a mota a ƙofar gida, ba ya shigowa sai abinci ya huce. In na leƙa sai ya ce, yau Shug ya yi ta tun safe."

"To me ya hana shi gaya mini? Me take yi masa?"

Bernadette ta ɗauki kofin da ya ajiye bai sha ba, ta ɗora a faranti.

"Shekara talatin yana ƙasan tsaninka, Shug. Da ka leƙo ka tambaye shi."

Ta koma wajen baƙinta. Yayana ya ja kujera ya zauna, bai tashi ba har aka fara kwashe tebura.