Ƙahon Audu da Ƙarfen Jinina

Yau Juma'a. Na tashi da ɗan kuzari, har na je bakin rijiya na dawo ban zauna a hanya ba.

Tsofaffin ɗalibaina da kuka yi ta cigiyata a nan, ku gafarce ni. Tun kafin girbi rabona da rubutu. Jinya na yi.

Da haki abin ya fara. In na sunkuya alwala sai jiri ya ɗebe ni. Tafin hannuna ya yi fari fat. Na ce mataccen jini ne ya taru, na aika wa Audu wanzami.

Tun rasuwar mai ɗakina, Audu kaɗai ke shigowa gidan nan ya zauna. Daga Gwaram yake zuwa a babur, ya yi mini aski, ya kafa mini ƙaho, mu yi ta hira. Ya nuna mini abin da ya tsotso, ya ce, "Malam, dubi baƙinsa! Wannan ai kwalta ce."

Da jirin ya ƙaru, sai muka ƙara ƙahon.

Ranar da na faɗi a masallaci, maƙwabta suka kai ni asibiti a Birnin Kudu. Aka auna jini da fitsari da bayan gida, aka yi mini ƙarin jini. Na tsorata ƙwarai. Akuyata ta tafi a magani.

Likitar, sa'ar jikata ce, ta ga tabban da ke bayana. "Baba, wa ke ɗibar maka jini haka? Ƙarfen jininka ya kusa ƙarewa."

Na ce, "Ƙarfe irin na fartanya?"

Ta yi dariya, ta ce shi ne dai, sai dai ido ba ya ganinsa. Ta ce ƙwayoyinsa ma ba nauyinsu ɗaya ba, wasu sun ɗara wasu kaɗan. Wai a wasu wurare akwai na'urar da ke auna yawan kowanne a jinin mutum, don a gane yadda hanjinsa ke jan ƙarfe daga abinci. Mu nan ba mu da ita.

Har yau ina tunani: a ƙarfen jinina, mara nauyin ne ya fi bin ƙahon Audu, ko mai nauyin? In da masani a cikinku, ya amsa mini.

Alhamdu lillahi, na samu sauƙi. Allah ya saka wa maƙwabtana da ma'aikatan jinya da alheri. Wanda ya ji haki da jiri, ya je a auna jininsa kafin ya nemi ƙaho. A ci wake da zogale da hanta. Kada a kora abinci da shayi.

Da na gaya wa Audu an hana ni ƙaho, sai ya ce, "Wato ni na so kashe ka, Malam?"

Na ce ba haka ba ne, ya zo Juma'a ko aski kawai ya yi mini. Ya ce in Allah ya yarda.

Tun hantsi na shimfiɗa tabarma. Da sumata na tafi masallaci. Ga shi ana kiran magariba, Audu bai zo ba.