Gwaggo Sista da Jinin Dangi

Gwaggo Sista ba ta taɓa yi wa kowa allura ba. Shekara talatin ta yi a ɗakin wanki na asibiti, tana wanke zannuwan gado da rigunan likitoci, kuma a ganinta duk wanda ya goge rigar likita sau dubu ya kwashi rabin karatunsa. Shi ya sa muke ce mata Sista. Ko atishawa ka yi a gabanta sai ta sa ka fito da harshe.

Da ƙanwata Auta, malamar firamare, ta fara ciwon gaɓoɓi da gajiyar da barci ba ya maganinta, Gwaggo ta ce ƙarancin jini ne. Da jajayen ƙuraje suka fito mata a kumatu, ta ce man shafawa ne. Bayan shekara biyu ana yawon gwaji, likita ta ce cutar lufus ce, wato garkuwar jiki ce ke juyowa tana yaƙar jikin. Gwaggo ta gyaɗa kai, ta ce daman abin da take shirin faɗa ke nan.

Wata ranar ganin likita, aka gaya wa Auta ana wani bincike kan abin da ake gada a jini, ana neman iyalan masu cutar su ba da jini kaɗan. Mutum biyar ko shida sun isa. Gwaggo tana riƙe da jakar Auta ta ji wannan, ta ce a bar mata aikin.

Sati guda ta yi tana bin gidaje. Ta tsaya a kan Yaya Makanike har ya fito daga ƙarƙashin mota. Ta gaya wa Kawu Direba za a duba masa hawan jini kyauta, ta gaya wa Innarmu an riga an rubuta sunanta, gogewa kuwa sai da izinin babban likita. Ranar Talata ta shigo da mutum ashirin da uku ɗakin jira mai kujera goma. Har da mai gadin layinmu, wai ai kamar ɗan gida ne.

Likitar ta yi bayani a tsanake: binciken ba magani ba ne, ba a tilasta wa kowa, wanda bai so ba ya tafi abinsa. Sannan ta tambayi Kawu Direba ko da son ransa ya zo. Kawu ya waiga ya dubi Gwaggo. Likitar ta sake tambaya, ya sake waigawa. Dole aka roƙi Gwaggo ta jira a baranda. Kafin minti goma mutum tara sun sulale ta ƙofar baya, Yaya Makanike a gaba.

Waɗanda suka rage aka zauna zana musu jadawalin dangi, wa ya haifi wa. Aka kira Gwaggo ta taimaka, ta jero kakanni har hawa huɗu, da abin da ya kashe kowa. Can likitar ta tsayar da biro.

"Ke kuma, Mama, yaya kike da mahaifin Auta?"

"Matar wansa ce ni. Marigayi."

"To ai ba jininku ɗaya da ita ba."

Gaskiya ni kaina na manta. Mun tashi mun same ta a gidan, ita ke raba faɗa, ita ke raba nama. Gwaggo ta ɗauki mayafinta, ta ce shekara arba'in tana wanke kashin 'ya'yan gidan nan, yau takarda ta ce ita baƙuwa ce. Auta ta bi ta da ɗingishi har bakin matakala, ta riƙe mata hannu, ta ce in Gwaggo ta tafi ita ma ta fasa.

Likitar ta fito ta same su. Ta ce binciken yana buƙatar masu lafiya waɗanda ba dangin jini ba, don a kwatanta, in Mama ta yarda da kanta. Gwaggo ta ce za ta duba. Ta duba na daƙiƙa biyar, ta yarda.

A kan kujerar ɗibar jini muka gano abin da ta ɓoye mana tun muna yara. Tana ganin allura ta fara salati, ta ce a buɗe taga, ta ce jijiyarta ba ta fitowa ranar Talata. Auta, wadda aka soka fiye da sau ɗari, ita ta rungume kan Gwaggo tana lallashinta har aka cika kwalbar.

An gaya mana sakamakon zai ɗauki shekaru, kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Auta tana shan magungunanta, wata rana da sauƙi, wata rana sai a hankali, ta koma aji da lema saboda cutar ba ta son rana. Gwaggo kuwa duk wanda ya zo gaishe ta sai ya ji cewa asibiti sun tara jinin danginmu kaf, suka rasa da me za su auna shi, sai da nata.