Sitiyarin Gwaggo da Bijimin Ardo

Abubuwa da yawa na aikin gwamnati sun zube mini daga ka, har sunayen wasu ogannina sun tafi, amma ban taɓa mantawa da ranar da na kwanta barcin rana a ƙarƙashin mota bijimi ya tashe ni ba. Ku makanikan yanzu da kuke cewa Baba Sani bai iya komai ba sai surutu da cin goro, ku gyara zama. Rabin maganarku gaskiya ne. Ga sauran rabin.

A farkon shekarun tamanin ne, zamanin farar hula, muna cikin Jihar Sakkwato. Ni ne makanikin ofishin kula da dabbobi a Anka, a matakin da in ka leƙa ƙarƙashinsa ba kowa sai masinja. Bokona bai wuce in rubuta sunana ba, shi ma in ba a tsaya mini a ka ba. Ofishin yana da motar daji guda ɗaya, tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu. Gwaggo muke ce mata, don ba ta tashi sai ta yi tari, ba ta tafiya sai da mita. Ita ke kai masu allurar shanu rugage, daga Anka zuwa Bukkuyum har fadamun Gummi.

Ga wanda bai san aikin ba, maganin allurar a cikin tulun ƙanƙara ake ɗauko shi. In ƙanƙara ta narke magani ya mutu, an yi tafiyar banza, ga shi shekarar ciwo na kayar da shanu. Saboda haka motar allura ba ta da izinin yin nawa a hanya.

Direbanta Kofur Bukar ne, Babarbare, tsohon soja da ya zauna Anka ya yi iyali. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: tun da ya riƙe sitiyari bai taɓa taka ko kaza ba. Yakan wanke Gwaggo kafin ya karya kumallo.

Da bazarar nan sai sitiyarin Gwaggo ya haukace. Ya yi nauyi, mota ta riƙa yawo a hanya kamar akuya ta hango gonar wake, in ta taka rami gaba ya kama rawa sai an tsaya. Tayoyin gaba kuma suna cinyewa ta gefen waje.

Binciken sitiyari tsari gare shi, ba a tsallake. Iskar taya ake fara dubawa. Sai a ɗaga gaba da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, in ta yi ƙas-ƙas boris ne, wato ƙwallayen ƙarfen da taya ke juyawa a kansu. A kama ta hagu da dama, in ta yi wasa gaɓoɓin ƙarafan sitiyari ne suka ci. Sannan wani ya zauna yana kaɗa sitiyari, kai kana kwance kana bin motsin da ido, daga akwatin sitiyari har taya, ka ga inda ya ɓace. Na bi duk wannan, kuma a kowane mataki sai na buga ƙirji na ce na kama ɓarawo. Na ƙara iska, na ɗaure boris, na canja gaɓoɓi, na cika akwati da mai. Gwaggo ta karɓi duk kyautar nan, ta ci gaba da yawonta.

Sai da na ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba na ga ƙafafunta na gaba sun yi gwame, suna kallon juna. Akwai sandar ƙarfe da ta haɗa tayoyin gaba don su juya tare, tayarod muke ce mata. In ta lanƙwashe ta gajarce, sai ta jawo bakin tayoyin ciki. Na ciro ta, ga ta kamar baka. Na kai wa maƙeri ya miƙe ta, na mayar, Gwaggo ta tafi sambal. Ranar har shayi na sha da madara.

Aka je zagaye aka dawo, ta sake lanƙwashewa. Aka miƙe, aka je, aka dawo, haka. A tafiyar ƙarshe a hanyar Bukkuyum Kofur bai iya gudu ba, ƙanƙara ta narke, aka juyo da magani matacce.

Oganmu Malam Garba, Sufuritanda, mutumin kirki ne, amma ranar idonsa ja. Ya kira mu ofis ya ce, "Sani, mi ka lanƙwasa wanga ƙarfe?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, karo. Kututture, ko suri, ko dutse."

"Direba ke nan."

"Ni dai ƙarfe anka tambaye ni, ranka ya daɗe."

Kofur ya ƙame kamar yana fareti, ya ce, "Oga, wallahi ban buga komi ba. In na buga, ai ni zan fara ji a hannuna."

Dokar aiki a lokacin, gargaɗin farko da baki, na biyu a takarda, na uku a karɓe makulli a mayar da mutum gadi. Kofur ya riga ya sha na baki da na takarda. Malam Garba ya ce ran Laraba za a je fadamar Gummi, shi ma zai je, ni ma in bi in zauna gaba in zuba ido. In sandar ta dawo a lanƙwashe, makulli ya bar hannun Kofur. Da muka fito Kofur ya dube ni ya ce, "Sani, ni da na tuƙa manyan hafsoshi, a ba ni tocila da kulki?" Ya juya ya nufi wajen Gwaggo. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, abin da ke raina har da furar ruga.

Ran Laraba da sassafe muka kama hanya. Ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. In ciyawa ta yi duhu sai Kofur ya tsaya, ya sauka, ya tattaka ta da ƙafa, sannan ya wuce. Ni na leƙo da kai ta taga har wuyana ya ƙage. Ko tsinke bai taɓa mu ba. Da hantsi muka isa rugar wani Ardo bayan Gummi, fili fetal, shanu iya ganinka, babu itace ko na rataya hula. Ina sauka na shige ƙasa na shafa sandar. A miƙe take. Na fito na ɗaga wa Kofur babban yatsa.

To kun san tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa. Tun kafin inji ya huce Ardo ya taho yana cewa, "Yau ga mayunwacin Barno! A ɓoye ƙore!" Kofur ya ce, "Ardo, har yanzu ba ka yi ƙiba ba? Ina nonon ke zuwa?" Aka kama hannunsa aka yi bukka da shi. Haka ake yi masa a kowace ruga, aikinsa ya ƙare da isowa, sai fura da zolaya har a gama. Malam Garba ma ya shiga inuwar bukkar da tulun ƙanƙara yana haɗa magani, masu allura suna zuwa suna karɓa.

Ni ma aka miƙo mini ƙwarya. Na ce ba na sha da yawa, na shanye, aka ƙaro. Da rana ta take sai jikina ya mutu, bukka ta cika, inuwar da ta rage a duniya ita ce ta cikin Gwaggo. Na ce wa kaina ai gadin sanda aka sa ni. Na shige ƙarƙashi, na ɗora kai a kan takalmina daidai saitinta, na yi gadi da ido rufe.

Can na ji wani abu na gogar mini hanci. Na buɗe ido ɗaya. Hannu ne, dogo siriri, riƙe da igiya mai kaurin wuyan hannu. Ya zagaya tayarod da ita, ya ƙulla, ya ja ya gwada, ya fice, duk cikin natsuwa irin ta wanda ya saba. Na juya kai, sai na ga kofatai, na ga hanci yana hura ƙasa, na ga ƙaho. Wani jan bijimi ne, kansa a duƙe, muna kallon juna. Kafin in tuna da salati na ji mai allura ya ce, "Ku riƙe!" Ya soka.

Jama'a! Bijimin nan ya ja da baya da dukan abin da Allah Ya ba shi. Gwaggo ta yi tsalle tana cikin giya, tayoyi suka murɗa, ƙasa ta zubo mini a baki, ina ji ina gani sandar da na miƙe da kaina ta taso gaba tana lanƙwashewa kamar rake a hannun mai yunwa. Na ƙwalla ihu. Har gobe ina cewa ihun murna ne, amma waɗanda suka ji sun ce da Inna na fara. Na mirgino ta gefe, bijimi ya waiwayo, na dira kan bonet ban san yadda aka yi ba, wandona ya bar rabinsa a jikin ƙarfe. Ina sama ina tsalle ina cewa, "Na gani! Kofur! Oga! Ku fito, ɓarawo ya kama kansa!"

Ruga ta watse. Mata suka fito da ludaya, Kofur ya fito da fura a gemu, Malam Garba yana rungume da tulun ƙanƙara. Na nuna mai igiyar, ƙanen Ardo ne, Jaɓɓi, dattijo da furfurarsa. Na ce, "Baffa, wa yac ce ka ɗaure nan?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi dalilin da saniya ke da wutsiya. "To ina za a ɗaure, Kaɗo? Ka ga icce nan?"

"Ga bamba a gaba!"

"Wancan kaifi garai, cin igiya shikai. Kuma ya yi bisa, sa na ɗaga kai shi yi hwaɗa. Wanga na ƙasa kau sumul shike, sa na duƙawa dole. 'Yan'uwanmu na Bukkuyum sunka gano shi, sunka aiko muna da labari. Kowace ruga an san shi. Wallahi turken gwamnati ya hi kowane turke."

Masu allura suka fara sosa ƙeya. Su ne suka ce in sa ya gagara a ɗaure shi a mota, amma ba wanda ya taɓa duƙawa ya ga ina igiyar ke shiga.

Na sauko ina riƙe da wando, na sake kallon sandar, sai kunya ta rufe ni. Gaba ta lanƙwaso. In kututture ne mota ta buga, ai baya zai tura ta. Tsakiyarta kuma tana ƙyalli inda igiya ta goge ta. Ni na ciro ta, ni na saɓa ta a kafaɗa na ratsa kasuwar Anka da ita zuwa maƙera, ba sau ɗaya ba, har na ce wa maƙeri ciyawa ce ke wanke ta.

Malam Garba ya ajiye tulu, ya durƙusa da farar rigarsa, ya duba, ya duba igiyar, ya dubi bijimi. Sai dariya ta kama shi har ya zauna a ƙasa. Da ya miƙe ya kakkaɓe, ya je gaban Kofur, a gaban Fulani da masu allura, ya ce, "Kofur, mun zalunce ka. Ka yi haƙuri. Takardar can ni zan janye ta da hannuna."

Kofur ya ƙame, ya sara masa. Na ce a raina yau tsohon soja zai yi kuka ya ba mu kunya. Sai ya juya kan Ardo ya ce, "Na sha faɗa, Bafillace ko jirgin sama ya gani sai ya nemi inda zai ɗaure saniya!"

Ardo ya ce, "Kai kau da ka rage shan hura, da ka gani tun Bukkuyum."

Aiki bai tsaya ba, don ƙanƙara ba ta jiran dariya. Na naɗa tsumma a kan ƙashin motar, wato babban ƙarfen da jiki ke zaune a kai, aka ɗaure sauran masu taurin kai a nan. Sandar kuma na ciro ta na danne da jak ta ɗan miƙe, muka lallaɓa gida. A Anka na sa maƙeri ya ƙera zobe mai kauri, sumul, mai walda ya liƙa shi a ƙashin motar, ƙasa-ƙasa yadda Jaɓɓi ke so. Malam Garba ya samo sabuwar sanda. Kafin zagaye na gaba labarin zoben ya riga mu isa rugage, da na wandona.

Abin da ranar ta koya mini, in gyara ya ƙi zama, to ciwon ba a gareji yake ba. Ka bi mota inda take aiki, kuma kada ka tsaya a kan abin da ake yi da ita tana tafiya, ka ga abin da ake yi da ita tana tsaye. Ƙarfe in ya lanƙwashe ka tambaye shi ta wane gefe, kafin ka buɗe baki a gaban oga, don kalmar makaniki guda tana iya raba mutum da makullinsa. Mutanen ruga kuwa ba su ɓoye mana komai ba. Da mun tambaya, da alfahari za su nuna mana.

Kofur Bukar ya tuƙa Gwaggo har ya yi ritaya, bai taka kaza ba. Ranar da ya miƙa makulli abu ɗaya ya roƙa, tsohuwar sandar nan da ke jingine a bayan gareji. Da babbar Salla na je gaishe shi, na tarar ya kafa ta a tsakar gida, ragonsa na ɗaure a jiki. Na ce, "Kofur, tayarod ɗin gwamnati?"

Ya ce, "Bar ta, Sani. Aikin da ta fi iyawa ke nan."