Bindigar Maharazu Mai Cijewa

Shekara ashirin da biyu muka yi da Maharazu a gidan rediyo, ni ina karanta labarai, shi yana gyara sauti. Mutum ne da bai yarda abu ya mutu ba. Ka jefar da fanka yau, gobe ka same ta a falonsa a unguwar Catford, nan ƙasar Turawa, ya zazzage mata hanji a kan jarida. Da ya yi ritaya sai ya shiga kulob ɗin masu gwada saiti da harbin takarda, ya jira wata da watanni har ya sami lasisi, sannan ya sayi wata tsohuwar bindiga mai ƙananan harsasai, irin wadda ke ɗora wa kanta harsashi bayan kowane harbi. Ya saye ta ne kawai don mai ita ya ce ta gagari kowa.

Ciwonta cijewa. Ta yi harbi uku lafiya, a na huɗu kwanson harsashi ya maƙale mata a baki. Maharazu ya kwance ta, ya wanke da burushi, ya sauya sifirin, ya rage mai, domin a cewarsa Turawan kulob ɗin suna shayar da bindiga mai kamar masu tuyar ƙosai. Sai ta yi mako guda ƙalau, ta koma ruwa. Na sha wannan tarihi a waya har kunnena ya yi zafi, amma wallahi ban taɓa jin daɗi a muryarsa irin na lokacin ba.

Ran nan ya ga wani jan gari ya cakuɗe da mai a cikinta. Ya ɗauka tsatsa ce. Ya kai hanci, ya yi atishawa uku a jere. Yaji ne.

Dokar ƙasar nan ta ce bindiga ta zauna a akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango, kuma ban da mai lasisi kada kowa ya san inda makulli yake, ko da matarsa ce. Wanda ya rubuta dokar bai san Hajiya Badariyya matar Maharazu ba. A gidan nan, daga fasfo har maɓallin riga, ita ake tambaya. Tun makon farko ta ga makullin a cikin hularsa ta sallah. Ta buɗe, ta ga wuri busasshe da ɓera ba ya shiga, 'ya'ya ma ba sa shiga, sai ta riƙa adana yajin da ake aiko mata daga Kano. Kowace Talata kafin ya tashi zuwa kulob ta kwashe, ya dawo ta mayar. Ledar ce ta huje.

Ga shi kuma ranar Alhamis jami'ar 'yan sanda za ta zo duba akwatin don sabunta lasisi.

"Hajiya, ki rufa mini asiri," in ji shi. "In ta gane kin san makullin nan, za a soke lasisin, a tafi da bindigar."

"Ni da furfurata zan yi wa 'yar mutane ƙarya, Alhaji? Ka ɓoye shi inda ban sani ba, sai in ce ban sani ba."

Ya ga magana ce mai ma'ana. Ya kore ta kasuwar Lewisham, ya kulle ƙofa, ya yi ɓoyo irin na ƙwararru.

Alhamis jami'ar ta zo, matashiya mai fara'a, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce mata ba. Ta ce a buɗe akwati. Maharazu ya miƙe da ƙarfinsa, ya kai tsakiyar falo, ya tsaya cak. Ya manta inda ya sa. Mutumin da shekara talatin bai taɓa neman safarsa da kansa ba, me ya kai shi ɓoye abu? Ya zazzage huluna. Ya leƙa bayan talabijin. Ya durƙusa yana lalube ƙarƙashin kujera, gumi na ɗiga daga gemu, baƙuwa tana kallon agogo.

Badariyya ta yi haƙuri minti goma sha biyu, ita ta faɗa mini. Ta ce komai za ta iya ɗauka ban da baƙuwa ta ga maigidanta yana rarrafe. Ta shiga ciki, ta fito da faranti: shayi, cincin, da makulli a kan ɗan tasa. A cikin takalminsa na sanyi ta ɗauko shi, ƙafar hagu.

Jami'ar ta dubi makullin, ta dubi Hajiya, ta buɗe littafinta. Ba ta karɓe lasisin ba, amma ta gindaya sharaɗi: bindigar ta koma ma'ajiyar kulob, ba za ta ƙara kwana a gidan ba. Kwana uku Maharazu yana cin tuwo ba ya ɗaga kai.

Wata bakwai ke nan bindigar tana can nesa da yaji, kuma ko sau ɗaya ba ta sake cijewa ba. Turawan kulob suna ta yaba hannunsa, wasu har Ustaz suke ce masa don sun taɓa jin ina kiransa haka. Shi kuwa ya daina kirana. Da na gaji na je da kaina, na same shi a falo, ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya jera burushi da 'yar kwalbar mai, yana zaune.

"Ta warke," ya ce mini. "Babu abin da ke damunta."

Tausayinsa ya kama ni. Na tambaye shi ko zai duba mini agogona, alhali lafiyarsa ƙalau.